Tsutsa da Ɓarauniyar Ƙofa: Tarihin Yadda Ake Ƙwace Kwamfuta Daga Hannun Mai Ita

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne tarihin wata irin manhaja wadda ke yawo da ƙafarta daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba da yardar kowa ba, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan tsutsa. Ba ɓarnar da take yi ce kaɗai ta dame ni ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani sauyi da ya auku a tsakiyar wannan tarihi, watau lokacin da tsutsa ta daina shiga gida ta yi ta'adi ta wuce, ta koma tana huda ƙofa a bayan gida, tana miƙa mabuɗi ga wanda ya aiko ta. Tun daga nan kwamfuta ta zama abin da ake iya mallaka daga nesa, alhali kuwa tana nan bisa teburin wanda ya saye ta da kuɗinsa. Zan bi labarin daga shekarar 1971 zuwa 2025, domin mu ga ta ina ake shiga, yaya ake juya abin da aka kama, kuma laifin wa ne.

Ma'anar Kalmomi

Ya kamata mu fara bambance abubuwa uku da jama'a kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne bairos. Shi bairos ba ya iya tsayawa da kansa, sai ya maƙale a jikin wani fayil, kuma ba ya motsi sai mutum ya buɗe fayil ɗin. Ta biyu ita ce tsutsa, wadda cikakkiyar manhaja ce mai cin gashin kanta. Takan lalubo wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, ta gwada shiga, in ta dace ta ajiye kwafinta a can, shi kuma kwafin ya ci gaba da lalube. Ta uku ita ce ɓarauniyar ƙofa, watau wata mashiga ta ɓoye wadda ke bai wa mutum damar shiga kwamfuta ba tare da an tambaye shi suna ko kalmar sirri ba.

Ku ɗauki kwamfuta tamkar birni mai ganuwa. Tana da mashigai masu lamba sama da 65,000, ko da yake kaɗan daga ciki ne ke buɗe a kowane lokaci. A bakin kowace buɗaɗɗiyar mashiga akwai wata manhaja da ke zaman sarkin ƙofa, tana karɓar baƙi: wannan ta wasiƙu ce, waccan ta shafuka, waccan kuma ta musayar fayil. Tsutsa ba ta haura ganuwa. Sarkin ƙofa take yaudara.

Zamanin Gwaji

A shekarar 1971 wani injiniya mai suna Bob Thomas, na kamfanin BBN a Amurka, ya rubuta manhajar da ya kira Creeper, wadda ke ƙaura daga wannan kwamfuta zuwa waccan a kan ARPANET, watau tsarin sadarwar da daga bisani ya haifi intanet. Gwaji ne kurum, ba da mugun nufi ba, kuma abokin aikinsa Ray Tomlinson ya rubuta wata, Reaper, wadda ta bi ta tana sharewa. Shi sunan tsutsa kuwa ya samo asali daga wani littafin ƙagaggen labari na John Brunner wanda ya fito a 1975.

A 1982 masu bincike biyu na cibiyar Xerox da ke Palo Alto, John Shoch da Jon Hupp, suka buga rahoton gwajin da suka yi na sakin tsutsotsi masu amfani, waɗanda za su nemi kwamfutocin da ke zaune banza da dare su ba su aiki. Wata rana ɗaya daga ciki ta sami tangarɗa, aka wayi gari kwamfutocin cibiyar da dama sun tsaya cik. Tun a wannan lokaci aka gane cewa sakin tsutsa abu ne mai sauƙi, kiran ta ta dawo shi ne aiki.

Daren 2 ga Nuwamba, 1988

Ranar da duniya ta farga ita ce 2 ga Nuwamba, 1988. Wani ɗalibin babban digiri a Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki tsutsarsa ta wata kwamfuta da ke MIT. An ƙiyasta cewa kwamfutocin da ke haɗe da intanet a lokacin kimanin 60,000 ne, kuma ta kama wajen 6,000 daga cikinsu. Hanyoyi huɗu da ta bi sun cancanci mu tsaya a kansu, domin kuwa su ne dai ake ta maimaitawa har yau.

Hanya ta farko ita ce ambaliya. Zan ba da misali da aikin ofis, tun da yawancinku kun san shi. A ce ga takarda mai gurbin rubuta suna, a ƙarƙashin gurbin kuma ga layin da babban jami'i kan rubuta umarni. Sai wani ya rubuta suna mai tsawon gaske, har ƙarshensa ya gangaro cikin layin umarni, ƙarshen nan kuwa yana cewa a buɗe wa mai takardar nan sito. In akawun da ya karɓi takardar ba ya duba komai sai abin da ya gani a layin, to zai zartar. Haka Morris ya yi wa wata manhaja da ke faɗin wanda ke kan kwamfuta: an ware mata gurbi na haruffa 512, shi kuwa ya aika mata 536.

Hanya ta biyu ɓarauniyar ƙofa ce ta ainihi, wadda ba Morris ya huda ba. A cikin manhajar aika wasiƙu mai suna sendmail akwai wata dama da aka bari domin gwaji da gyara, wadda ke ba na nesa ikon ba da umarni, kuma wurare da yawa ba su kashe ta ba. Ta uku ita ce raunin kalmar sirri. Tsutsar na ɗauke da jerin kalmomi 432 da mutane suka saba zaɓa, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu kuwa amana ce: kwamfutocin da suka yarda da juna ba sa tambayar juna shaida, saboda haka kama ɗaya ya zama kama duka.

Tsutsar Morris ba ta goge fayil ko ɗaya ba. Abin da ya jawo masifa shi ne ya tsara ta ta sake kama kwamfutar da ta riga ta kamu sau ɗaya cikin bakwai, sai kwafi ya yi ta taruwa har na'urori suka kasa numfashi. A 1990 kotu ta same shi da laifi bisa dokar da Amurka ta kafa a 1986, aka yanke masa shekara uku na zaman sa ido, da aikin al'umma na sa'a 400, da tarar dala 10,050. A sanadin wannan lamari ne aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon cikin watan na Nuwamba. Amma ku lura da abu guda: Morris kansa bai da iko a kan kwamfutocin da tsutsarsa ta kama. Ta kuɓuce masa kamar yadda ta kuɓuce wa kowa.

Lokacin da Tsutsa ta Fara Barin Ƙofa

Sauyin da na ambata ya bayyana sarai a shekarar 2001. Ranar 19 ga Yuli tsutsar Code Red ta kama kwamfutoci kimanin 359,000 cikin ƙasa da sa'a goma sha huɗu, ta hanyar wata ambaliya a manhajar Microsoft mai ɗauke da shafukan intanet. Wannan ta ɓata shafuka, ta kuma yi yunƙurin kai hari ga shafin fadar shugaban Amurka. To, amma a farkon Agusta sai ga wata mai suna Code Red II, wadda ba ta damu da ɓata shafi ba. Abin da ta yi shi ne ta kwafi manhajar ba da umarni ta Windows ta ajiye ta a inda duk wani mai intanet zai iya kaiwa gare ta. Ma'ana, kowace kwamfuta da ta kamu ta zama gidan da ba ƙyaure. Ranar 18 ga Satumba tsutsar Nimda ta zo ta bi ta waɗannan ƙofofin da Code Red II ta bari. Ga ɓarawo na biyu ya shiga ta ramin da na farko ya haƙa.

Haka kuma aka yi a 2004. A ƙarshen Janairu tsutsar Mydoom ta bazu ta wasiƙun imel, tana zuwa da kamannin saƙon da ya kasa isa, domin mutum ya buɗe abin da aka liƙa ya ga dalili. Da ya buɗe sai ta aika kanta ga adireshin da ta tarar a kwamfutarsa, ta kuma buɗe mashiga mai lamba 3127 tana jiran umarni. Ranar 1 ga Fabrairu kwamfutocin da suka kamu suka yi wa shafin kamfanin SCO taron dangi har ya durƙushe. Cikin watan nan wata tsutsa, Doomjuice, ta fito wadda ba ta neman kowa sai waɗanda Mydoom ta riga ta buɗe.

Yadda Ake Juya Runduna

Ƙofar da ke jiran kowa tana da aibi biyu ga mai ita. Na farko, wani ɗan'uwansa ɓarawo na iya riga shi shiga. Na biyu, hukumomi sun koyi kafa shinge wanda ke hana baƙo daga waje ƙwanƙwasa mashigan kwamfutocin cikin gida. Sai masu tsutsa suka juya lissafin. Maimakon ubangida ya zo ya ƙwanƙwasa, ita kwamfutar da ta kamu ce za ta fita da kanta ta je ta gaishe shi. Mai gadi kuwa, kamar yadda muka sani, mai shigowa yake tuhuma, ba ɗan gida mai fita ba. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

A farkon shekarun 2000 tsutsotsi irin su Agobot da SDBot sun yi amfani da zaurukan hira na IRC. Kowace kwamfuta da ta kamu sai ta shiga wani keɓaɓɓen zaure ta zauna shiru. Ubangida ya rubuta layi guda, dubbai su amsa a lokaci ɗaya. Umarnin bai wuce iri huɗu ba galibi: a aika wasiƙun talla da na damfara, a danne wani shafi da yawan buƙatu har ya faɗi, a kwashe kalmomin sirri da bayanan banki, ko a sauko da wata sabuwar manhaja. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin yana nufin tsutsar yau na iya rikiɗa ta zama kome gobe. Daga nan harka ta zama kasuwa, ana hayar runduna ana sayar da ita kamar yadda ake hayar motar ɗaukar kaya.

Raunin wannan tsari shi ne zauren. In an gano shi aka rufe, runduna ta rasa shugaba. Tsutsar da ta yi ƙoƙarin magance wannan ita ce Conficker, wadda ta bayyana a Nuwamban 2008. Kowace rana takan ƙirƙiri sunayen shafuka 250 bisa wani lissafi da ya dogara ga kwanan wata, ta bi su tana neman umarni. Ubangida, da yake ya san lissafin, suna ɗaya tak yake buƙatar yi wa rajista. Masu tsaro suka warware lissafin, suka haɗa gwiwa suna riga shi kama sunayen. Sai ya fito da sabon salo mai ƙirƙirar sunaye 50,000 a rana, ya kuma sa kwamfutocin suna miƙa wa juna umarni kai tsaye, kowane umarni ɗauke da hatimin da ba mai iya kwaikwayo sai shi. Conficker ta kama miliyoyin kwamfutoci, har da na rundunar ruwan Faransa da na ma'aikatar tsaron Ingila. Ta kuma ƙara wata hanya da ta shafe mu ƙwarai, watau shiga ta filash, ɗan abin nan da muke ɗaukar fayil da shi daga ofis zuwa shagon buga takardu.

Shigowar Gwamnatoci

A 2010 aka gano Stuxnet, tsutsar da aka ƙera domin lalata na'urorin tace sinadarin yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Ta shiga ta filash, ta yi amfani da kafofi huɗu na Windows da ba a riga an toshe ba, sa'an nan ta riƙa sauya gudun injuna tana nuna wa ma'aikata cewa lafiya lau. Jaridu da masana da dama sun danganta ta ga Amurka da Isra'ila, ko da yake gwamnatocin biyu ba su amsa a hukumance ba.

Makamin gwamnati ma yakan faɗa hannun wasu. A Afrilun 2017 wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa kayan kutse da aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A ciki akwai EternalBlue, mabuɗin wata kafa a tsarin musayar fayil na Windows, da DoublePulsar, wadda ɓarauniyar ƙofa ce. Ranar 12 ga Mayu tsutsar WannaCry ta haɗa biyun, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita wajen sau 19,000. Wani matashi ɗan Ingila, Marcus Hutchins, shi ya lura tsutsar na neman wani sunan shafi da ba a yi wa rajista ba. Ya saye shi a kan abin da bai kai dala 11 ba, sai yaɗuwar ta tsaya. Daga bisani Amurka da Ingila suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Abin ya Iso Gida

Kada wani ya ɗauka wannan labarin Turai da Amurka ne kaɗai. A 2016 tsutsar Mirai ta tara runduna daga kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, ba da wata dabara mai zurfi ba, illa gwada kalmomin sirri sittin da 'yan kai waɗanda masana'antu ke sa wa kaya kuma masu saye ba sa canzawa. A ƙarshen wannan shekara wani ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani nau'inta ya danne kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ta yi ta yankewa a ƙasar. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas.

Misali na ƙarshe ya fi kusa da mu. Akwai wani nau'in manhajar leƙen asiri mai suna PlugX wanda ke yaɗuwa ta filash. Yakan ɓoye fayilolin mutum, ya ajiye wata alama mai kama da filash ɗin. In ka danna ta fayilolinka za su bayyana, amma a daidai lokacin tsutsa ta shiga. Bayan wani lokaci masu ita suka yi watsi da adireshin da take zuwa karɓar umarni. A Satumban 2023 wani kamfanin tsaro na Faransa, Sekoia, ya sayi wannan adireshi a kan dala 7, ya zauna yana sauraro. Cikin wata shida adireshin intanet daban-daban kimanin miliyan biyu da rabi, daga ƙasashe sama da 170, suka zo gaisuwa, kuma Nijeriya ce a kan gaba a jerin. Adadin adireshi ba shi ne adadin kwamfutoci ba, amma duk da haka ku yi tunani: da wani mai mugun nufi ne ya riga su biyan dala bakwai ɗin nan, da shi ne ubangidan duk waɗannan na'urori. Hukumomin Faransa sun fara wanke nasu a 2024, na Amurka kuma suka sanar a Janairun 2025 cewa sun goge ta daga kwamfutoci sama da 4,000 a ƙasarsu.

Kammalawa

Shugaba, in muka tattara wannan tarihi za mu ga wani abu da ke ta dawowa. Kamfanin Microsoft ya fitar da facin kafar da Code Red ta bi wata guda kafin ɓarkewarta. Facin da zai hana Conficker ya fito ranar 23 ga Oktoba, 2008, makonni kafin ta bayyana. Na WannaCry ya fito ranar 14 ga Maris, 2017, kusan wata biyu kafin harin. In ka cire irin su Stuxnet, waɗanda ke da ƙarfin gwamnati a bayansu, yawancin tsutsotsin da suka girgiza duniya sun shiga ne ta kafar da aka riga aka sani, aka kuma riga aka samar da abin toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma a nan masu gida sun san da tsagar.

Saboda haka abin da ke kanmu ba boyayye ba ne. Ma'aikatar da ke aiki da Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun Janairun 2020, ta sani cewa duk kafar da aka gano bayan wannan lokaci a buɗe take. Kwafin manhaja na sata da ake sa wa kwamfutocin ofis domin rage kuɗi sau da yawa ba ya karɓar faci, wani ma yakan zo da tasa ƙofar a ciki. Kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta a canza ta ranar da aka kunna. Filash ɗin da ya je shagon buga takardu kada ya dawo cikin kwamfutar da ke riƙe da jerin albashi ko sakamakon jarrabawa sai an bincika shi. Muhimman fayiloli kuma a ajiye kwafinsu a wurin da ba ya haɗe da sauran.

Ga ɗalibai, ina jan hankalinku cewa kwamfutar da ta kamu ba lalle ta nuna alama ba, domin ubangidan kirki ba ya gajiyar da bawansa har a gane. Ga ma'aikata kuwa, bayanan da ke cikin na'urar ofishinku ba naku ba ne, na talakawan da suka miƙa sunayensu da lambobin asusunsu ne bisa amana. Wanda aka ba tsaron ƙofa, shi za a tambaya in an wayi gari kayan jama'a sun fita.